MAƘERAR KAKURI

A cikin watan Nuwamba na 2023 Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar Hukumar Ƙera Makamai ta Nijeriya, wadda a ke kira DICON a taƙaice, mai ma'aikata a unguwar Kakuri cikin Kaduna. Dokar nan ta soke tsohuwar da Majalisar Ikko ta yi tun 1964. Ta ba Hukumar iko ta kafa rassa, ta haɗa jari da 'yan kasuwa, ta sa ido a kan masu ƙera kayan yaƙi a ƙasar nan, kana ta ce a kafa wata cibiya musamman domin binciken dabarun ƙira. Mun sani da yawa daga cikin masu karatunmu sun ji labarin a rediyo sun wuce, suna ganin zancen bindiga na soja ne, ba ruwan akawu ko malamin makaranta. Muna roƙonsu su dakata. Kuɗin da za a kashe harajinsu ne, yaran da za su yi aikin suna zaune gabansu cikin aji yanzu haka, hanyoyin da 'yan fashi suka tsare kuwa kowa na da ɗan'uwa mai binsu.

Tun da fari bari mu faɗi inda muka tsaya, don kada a yi mana wata fassara. Muna tare da Gwamnati a kan wannan niyya, muna kuma yaba wa 'yan Majalisa da suka tsaya har dokar ta fito. Amma doka takarda ce, takarda kuwa ba ta narka ƙarfe. Ba yau aka fara ɗaura wannan niyya ba, saboda haka ya kamata a waiwaya a dubi inda aka yi tuntuɓe.

Dogara ga makamin baƙo tsohon ciwo ne a ƙasar nan. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Kanajeji, shekara 600 da 'yan kai ke nan, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. A Barno, Mai Idris Alauma ya samo bindigogi da Turkawa masu koyar da harbi tun cikin ƙarni na 16. Kakanninmu ba ragwaye ba ne. Maƙeransu sun narka tama, sun ƙera takobi da mashi da kibiya, sun iya gyaran bindigar toka. Amma bindiga ta ƙwarai kullum ta fatauci ce, ko ta zo ta hamada ko ta bakin teku. To, ran da masu sayarwa suka taru a Birasal cikin 1890 suka ƙulla alkawarin hana sayar da bindigogin zamani a yawancin Afirka, sai hanya ta ƙuntace. Shekara 13 bayan haka, ran 3 ga Fabrairu 1903, wata runduna da ba ta kai mutum 1,000 ba ta zo da igwa da bindiga mai ruwa ta ci Kano, duk da ganuwarta, a yini guda. A watan Maris aka yi na Sakkwato, a watan Yuli Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi. Ba wanda ya isa ya ce mazajen da suka faɗi a Giginya da Burmi zuciya suka rasa. Sojan da suka zo tare da Turawa ma yawancinsu 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarabawa. Bambancin duka yana ga abin da ke hannu, shi kuwa daga ma'aikatun Ingila ya fito.

Shugabannin da suka karɓi mulkin kai a 1960 ba su jahilci wannan tarihi ba. A cikin shekara guda, watau 1964, zamanin Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Alhaji Muhammadu Ribaɗu yana Ministan Tsaro, aka buɗe Makarantar Horon Hafsoshi a Kaduna da taimakon Indiya, aka kafa Rundunar Sojan Sama da taimakon Jamus ta Yamma, aka kuma kafa ma'aikatar Kakuri, wadda kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma ya gina. An tsara ta ne ta riƙa fid da bindiga samfurin Italiya guda 5,000 a shekara, da harsashinta miliyan 12, ban da ƙananan bindigogi. Ga ƙasar da ta shekara huɗu kacal da 'yanci, wannan hangen nesa ne.

Ba a daɗe ba aka ga amfaninta. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967 ma'aikatar ta yi ta aiki ba dare ba rana. Duk da haka buƙata ta fi ƙarfinta, kuma a nan aka sake jin tsohon ciwon: Amurka ta ƙi sayar mana da makami, Ingila ta ba da na ƙasa ta hana jiragen yaƙi, sai da aka tafi Rasha aka samo su. Da aka gama yaƙi a 1970 ciniki ya tsaya cik. A 1972 Jamusawa suka tattara nasu ya nasu suka tafi, Hukumar ta durƙushe, har ta koma neman abin kai wa baka da kujeru da tebura da kayan famfon ruwa. Ba mu raina sana'ar kafinta ba, kowa na zaune bisa aikinsa. Amma ba don ita aka yi doka a Majalisa ba.

Me ya kawo haka? A ganinmu an sayi maƙera ne aka bar maƙeri. An sayi injuna da zanen bindiga da izinin ƙerawa, amma sanin dalilin da ya sa aka yi bututun da irin ƙarfe kaza, ko yadda za a sake zanen in buƙata ta sake, wannan yana cikin kan baƙi, da shi kuma suka koma gida. Ga shi ɗanyen kayan daga waje a ke kawo shi. Ga shi mai saye ɗaya ne tak, watau Gwamnati, ita kuwa da rijiyoyin mai suka fara zubo kuɗi sai ta ga sayen na waje ya fi sauƙi, ya kuma fi daɗi ga masu zuwa cinikin. Ma'aikatar da ba ta da masu bincike nata na kanta, ba ta da ƙarfe a gida, ba ta da tabbacin ciniki, ko da zinariya aka gina ta sai ta mutu.

A nan akwai wani abu da ba a cika son faɗi ba, mu kuwa muna ganin gaskiya ba ta da ɓangare. A lokacin yaƙin nan, can ɗaya gefen, da aka tsare musu teku da ƙasa, malaman jami'a da injiniyoyi sun taru sun ƙera nakiyar da suka kira ogbunigwe, sun tace mai a cikin daji, sun lulluɓe motoci da ƙarfe. Ragowar kayan suna nan a gidan tarihin yaƙi na Umuahia ga mai son gani. Su ma 'yan Nijeriya ne. Bayan sulhu an kafa wata cibiya a Enugu, amma ba a tattara mutanen nan aka kai su Kakuri aka ce su ci gaba ba. Wannan hasara ce da ba a rubuta ta cikin wani littafin kuɗi ba.

Sai a 2014 muka farka, lokacin da Boko Haram ta ke riƙe da Gwoza da Bama da Mubi. Gwamnati ta nemi sayen jiragen yaƙi masu saukar ungulu daga Isra'ila, Amurka ta hana, don jiragen ƙirarta ne, ta kuma kawo hujjar cin zarafin mutane da a ke zargin soja da shi. Ko hujjar ta yi ko ba ta yi ba, darasin ɗaya ne: da kuɗinka a hannu, gidanka na cin wuta, sai wani ya ga dama ka sami guga. Jiragen Super Tucano 12 da aka saya daga baya a kan kuɗi kusan dala miliyan 500, sai a watan Yuli na 2021 na farkonsu suka sauka, bayan shekaru ana kai da kawowa.

Jiragen nan kuwa, ko da ya ke a Amurka aka harhaɗa su, asalinsu ƙirar Barazil ne, ƙasa mai zafi kamar tamu, mai talakawa kamar namu. Yadda suka yi ya isa malamai su yi tunani a kai. A 1950 sojan samansu suka kafa makarantar koyon injiniyan jiragen sama. Kamfanin Embraer bai zo ba sai 1969, shekara 19 bayan makarantar, wanda ya shugabance shi da fari kuwa hafsa ne daga cikin ɗalibanta. Watau sun shuka mutane tukuna, suka yi haƙuri, kana suka gina rumbu. Mu rumbu muka fara ginawa. Yau jiragen fasinja na kamfanin nan suna sauka a filayen jiragenmu.

Turkiyya ita ma duka ta sha ta yi hankali. Saboda rikicin tsibirin Kubrus, Amurka ta hana ta makamai daga 1975 zuwa 1978. A shekarar farko ta hanin suka kafa kamfanin Aselsan, aikinsa na fari kuwa ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, rediyon magana na soja ne kurum. A 1985 suka yi doka suka kafa hukuma guda mai kula da sayayya da ƙira duka, da asusu na musamman wanda kuɗinsa ke shigowa daga waɗansu haraji da aka keɓe, ba ya jiran rabon kowace shekara. Cikin harajin nan har da na giya da na caca, wannan kam ba mu ba da shawararsa ba, dabarar keɓewar mu ke nufi. Bayan shekara 40 ga mu muna sayen jiragensu masu saukar ungulu da marasa matuƙi, maƙwabtanmu na Nijar ma sun saya.

Na Amurka ba sai mun daɗe a kansa ba, don zanen giwa ba ya yi wa akuya. Da Rasha ta harba tauraron ɗan Adam na farko a watan Oktoba 1957, sai suka kafa hukumar ARPA a 1958. Ba ta da ɗakunan gwaji nata, sai dai ta ɗauki gwani na 'yan shekaru, ta ba shi kuɗi ya raba wa jami'o'i da kamfanoni, ta kuma yarda cewa gwaji da yawa za su faɗi. Daga cikin aikinta na 1969 intanet ta samo tushe. Abin ɗauka a nan shi ne, mai bincike in ya gwada da gaskiya bai dace ba, kada a ɗauke shi ɓarawo.

Kada wani ya ce mu ba mu yi kome ba. A watan Disamba 2013 aka nuna jirgi maras matuƙi da sojan sama suka haɗa a Kaduna, aka sa masa suna Gulma. A watan Fabrairu 2018 aka nuna ƙanensa, Tsaigumi, wanda aka yi tare da wani kamfanin Fotugal. Wanda ya raɗa sunayen nan ya san Hausa, domin aikin jirgin shi ne ya leƙa ya kawo rahoto, wannan ce kaɗai gulmar da ba zunubi a cikinta. Sojan ruwa sun ƙera jiragen sintiri a Ikko: Andoni a 2012, Karaduwa a 2016, Oji a 2021. A watan Disamba 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe motar sulke mai jure nakiya da a ke kira Ezugwu, aikin Kakuri da injiniyoyin sojan ƙasa. Akwai kuma 'yan kasuwa da suka shiga sana'ar, irin su Proforce a Jihar Ogun. Duk wanda ya sa hannu cikin waɗannan ya cancanci a gaishe shi.

Amma fa a lura. Ƙera guda ɗaya a shafe ta da fenti, a kafa rumfa, a kira manya su yanke ƙyalle, wannan rabin rabin aiki ne. Aikin yana ga ƙera ɗari iri ɗaya, kowace ta yi daidai da 'yar'uwarta, in kusa ta karye a Monguno a ciro wata daga akwati ta shiga ba tare da an goge ta da magagari ba. Tsakanin samfur da ɗari akwai kogi, a cikinsa kuwa ayyukanmu da yawa suka nutse, tun daga ƙaramin jirgin koyon tuƙi na Air Beetle da aka riƙa haɗawa a Kaduna, wanda bai bar magaji ba. Muna fata daga yanzu a riƙa auna Hukumar nan da yawan kayanta da ke hannun soja a bakin daga, a bar lissafa yawan bukukuwa.

To, ta ina za a fara? Mu a namu ra'ayi, a fara da abin da ke ƙarewa kullum, watau harsashi da kayan gyara. Ba su da kwarjini, ba mai buga hotonsu, amma su ne hatsin yaƙi. Harsashi guda abu huɗu ne: kwanso na tagulla, wadda a ke yi da jan ƙarfe kashi 70 da tutiya kashi 30, da ƙwayar da ke fita mai cikin dalma, da albarushi, da ɗan abin da ke kunna wutar a gindinsa. Kowanne sana'a ce mai zaman kanta, kowanne sai an auna shi har kaurin gashi. Muna da dalma da tutiya a ƙarƙashin ƙasa a Abakaliki da Zurak. In har tagullar da albarushin daga jirgin ruwa za a riƙa sauke su, mu ɗura mu ce mun ƙera, to, wanda ya hana mu bindiga jiya ya iya hana mu albarushi gobe, muna nan inda mu ke. Ƙasar da ta iya harsashinta tun daga rami har akwati, ta koyi narka ƙarfe da haɗa magunguna da awo, su ne kuma matakalar duk abin da ke sama. Ba mu ga dalilin da za a fara mafarkin ƙera jirgin yaƙi mai gudun walƙiya ba alhali motocin sulke na kwance a bariki don rashin wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba. Sojan sama sun gwada wannan hanya a 2016 da suka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Innoson na Nnewi domin kayan gyaran jiragensu. Irin wannan ya kamata a yawaita.

Zancen ƙarfe kuwa dole ya kai mu Ajakuta. An ba Rashawa kwangilarta a 1979, an ce aikin ya kai kashi 98 cikin 100 tun 1994, ga tama a Itakpe kusa da ita, amma babban tanderun da zai narka tamar ba a taɓa hura shi ba. Ba za mu tsawaita ba, don an yi ta faɗi har kunne ya gaji. Abin da kawai za mu ƙara shi ne, duk shirin ƙera makami da aka rubuta ba tare da an faɗi inda ƙarfensa zai fito ba, rabin shiri ne.

Sa'an nan kuɗi. Akawunan da suka san aikin Baitulmali za su fi kowa gane wannan. Kuɗin da aka keɓe wa aiki cikin shekara, in ya fito a makare, shekara ta ƙare, sai ya koma, a sake roƙo daga farko. Gini ya iya jure wa haka, ya tsaya ya jira. Bincike ba ya jurewa, domin aikinsa na shekara biyar ne ko goma, in albashi ya yanke wata shida mutanen sun watse, in sun watse kuwa ba su taruwa. Tun 1980 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Ikko za su kai ga ba bincike kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasashensu, mu masu masaukin baƙi ba mu cika ba. Cikin kasafin 2025 da aka kai gaban Majalisa an ware wa tsaro naira tiriliyan 4.91. Da za a cire kwabo ɗaya daga kowace naira ta wannan kuɗi, an sami naira biliyan 49 ke nan. A sa shi cikin asusun da doka ta hana taɓawa, a raba shi bisa gasa tsakanin jami'o'i da kwalejojin sana'a da kamfanoni, a kan matsalolin da soja da kansu suka kawo: gano nakiyar da aka binne a hanya, rediyon da 'yan fashi ba su iya saurara, batirin da zai jure zafin Afrilu a bakin tafkin Cadi. Wanda ya tuna dala tana wajen naira 460 a farkon 2023, ta haura 1,500 a 2024, ya san kowane abin da mu ke saye a waje tsadarsa ta ninka uku ba tare da ya ƙara kyau ba.

Asusu kuwa sai da makulli, makulli sai da amintacce. Ba mu manta da binciken 2015 ba, inda aka yi zargin dala biliyan 2.1 na sayen makamai sun bi wata hanya, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Kuɗin nan ya sayi jiragen Tucano ɗin nan 12 har sau huɗu da canji. Kalmar asirin tsaro ta zama bargon da a ke rufe ɓarna da shi. Mun yarda akwai abin da ba a shelarsa a kasuwa, ba wanda zai ce a buga zanen makami a jarida. Amma farashin tayar mota ba asiri ba ne. Sai a rantsar da 'yan kwamiti kaɗan na Majalisa, su da Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, su riƙa ganin littattafan duka, shafi shafi. In ba haka ba, kuɗin bincike ya fi kowane kuɗi sauƙin ci, tun da mai cinsa zai ce gwaji ya yi bai dace ba.

Game da ciniki, tun watan Fabrairu 2018 akwai Umurnin Shugaban Ƙasa mai lamba 5, wanda ya ce a fifita gwanaye da kamfanonin gida a ayyukan kimiyya da injiniya. Muna so a cika shi a nan kafin ko'ina. Rundunoni da 'yan sanda da kwastan su rubuta wa Hukumar abin da za su saya na shekara biyar, don ta san yawan tagullar da za ta tanada da yawan yaran da za ta koyar. Amma da sharaɗi mai nauyi. Kishin ƙasa ba ya hana bindiga ƙin tashi. Kurtun da ke kwance cikin rami a dajin Zamfara ɗan wani ne, mijin wata ne, ba daidai ba ne a miƙa masa abin da bai inganta ba don a ce an taimaki masana'antar gida. Lalle a kafa masu gwaji waɗanda ba su ƙarƙashin mai ƙira, ba su ƙarƙashin mai saye, abin da ya faɗi a gwajinsu a mai da shi maƙera ko na wane ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Ran 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙinmu ya jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira a Rann. Ran 3 ga Disamba 2023, ba a yi wata guda da sa hannu a kan dokar nan ba, jirgi maras matuƙi ya kashe mutum aƙalla 85 a Tudun Biri, suna taron Mauludi, a cikin Jihar Kaduna ɗin nan da Kakuri ta ke. Allah ya jiƙansu. Na'urar ta yi abin da aka umurce ta, idon da ya duba hoton da hankalin da ya yanke hukunci su suka kasa. Saboda haka in ana zancen kimiyyar tsaro kada a zaci ƙarfe kaɗai a ke nufi. Koyon karanta hoton sama, da sanin yadda taron Mauludi ko na biki ko na cin kasuwa ya ke a ƙauyukanmu, da ƙa'idar wanda ke da ikon cewa a harba, duk ilmi ne, duk suna bukatar kuɗi da malamai. Wanda ya girma a ƙauye ya san abin da baƙon na'ura ba zai taɓa sani ba, wannan ma wani dalili ne na horar da namu.

Mun san waɗansu za su ce, yara na zaune a ƙasa cikin aji, asibiti ba magani, ina zancen zuba kuɗi a bindiga? Maganarsu tana da nauyi, mu ma ba mu ce bindiga na maganin yunwa da jahilci da zalunci waɗanda su ne takin fitina ba. Amma kuɗin nan ana kashe shi ko mun so ko mun ƙi, tambayar ita ce a ina zai kwana, a Kaduna da Nnewi ko a ƙasashen wasu. Injin da ya iya yanka bututun bindiga ya iya yanka ƙarfen tarakta da na injin ban ruwa, yaron da ya koyi haɗa jirgin leƙe ya iya auna gonaki da shi. Makarantun da aka rufe a Arewa saboda satar ɗalibai kuwa, malamansu ba su bukatar a gaya musu dangantakar tsaro da karatu.

Ku malamai, rabonku cikin wannan aiki ya fi na kowa tsawo. Injiniyan da zai riƙe cibiyar binciken nan a 2045 yana aji uku ko huɗu yau, yana fama da jadawalin sau. In ya tsani lissafi a hannunku an rasa shi. Mun ga yadda a ke ɗaukar makarantar sana'a wurin jefa yaron da ya kasa, har uba ya ji kunyar faɗin ɗansa na can. Wanda ya shiga kasuwar Panteka a Kaduna ya ga abin da samari ke yi da tsohon ƙarfe da wutar walda, ya san hannu ba shi muka rasa ba. Har maƙeran da a ke kamawa suna ƙera bindigogi a ɓoye, laifinsu laifi ne, a hukunta su, amma ya kamata hukuma ta tambayi kanta yadda aka yi 'yan ta'adda suka riga ta gano gwanintarsu. A buɗe wa irin waɗannan hannuwa ƙofar koyo da jarrabawa da takardar shaida tun ba su ɓata ba. A kuma bar hafsan da ya ƙware a bincike ya zauna a ɗakin gwajinsa ya sami girmansa a can, a daina ɗauke shi bayan shekara biyu a kai shi tsaron shingen hanya don wai lokacin canjinsa ya yi.

Dokar 2023 ta ce a kafa cibiyar bincike. Muna roƙon Ma'aikatar Tsaro, in za ta kai kasafinta gaban Majalisa, ta ware wa cibiyar nan layinta dabam, da adadinsa a rubuce, ta kuma faɗi nawa aka saki daga na bara, da ɗalibai nawa aka tura koyo, da nawa suka komo suka kama aiki. Wakilanmu kuma su tambayi kashi nawa cikin harsashin da aka raba wa soja a shekarar aka yi a Kakuri, ko da a ɗaki rufe za a ba su amsa. In adadin da ya halatta a buga ya fito, za mu buga shi a wannan shafi, mu ajiye, mu gwada shi da na baɗi.